Mai jinyar tsoho, shi wa ke duba shi?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, kuma don Allah wanda zai tuna mini ladan jinyar iyaye ya ɗan dakata tukuna, na san ladan, shi ne ma ya riƙe ni har yau. Mahaifinmu hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ba ya tashi sai an ɗaga shi, maganarsa ma sai wanda ya saba da shi ke ganewa. Yana wurina a nan Kano saboda ni ce babba a mata. Yayyena maza biyu, ɗaya yana Abuja ɗaya yana Fatakwal, ƙannena kuma kowacce tana ɗakin mijinta. Ni malamar makaranta ce. Wanka da tsarki maigidana da babban ɗana ke yi masa, amma idan ba sa gida dole ni ce. Abinci, magani, juya shi cikin dare, wankin zannuwa, zuwa asibiti, duk suna kaina. Bayana ya fara ciwo, barci kuwa sai dai in sata.

Abin da nake son sani: shin akwai wata hukuma ko ƙungiya ko wani tsari a ƙasar nan da ke taimaka wa mai jinya shi kansa? Wanda zai karɓe ni ko na yini ɗaya ne, ko a koya mini yadda ake ɗaga shi, ko a rage mana kuɗin famfas da magani. Wanda ya san wani abu ya taimaka da bayani.

Abu_Hanif:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma Allah ya ba ki masu yi miki.

DanFagge:
Hajiya, gwamnatin da ba ta gama biyan tsohon kansa haƙƙinsa na fansho ba ita ce za ta duba mai jinyarsa? A ƙasar nan hukumar mai jinya 'yan uwansa ne. In sun yi, to. In ba su yi ba, sai Allah.

Lauya_Mukhtar:
@DanFagge ba haka kai tsaye ba ne, akwai abubuwa a takarda, sai dai isarsu ga mutane ne matsala. Akwai dokar kafa cibiyar dattawa ta ƙasa, wato National Senior Citizens Centre. Dokar ta 2017 ce, Buhari ya sa mata hannu a farkon 2018, amma cibiyar ba ta fara aiki ba sai 2021 da aka naɗa Dakta Emem Omokaro ta shugabance ta. Ofishinsu yana Abuja. A 2021 ɗin ne kuma majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Amma kada Maman_Ilham ta sa rai da yawa: aikinsu ya fi karkata ga tsara manufofi da horar da masu kula da tsofaffi a matsayin sana'a. Ba sa biyan ɗa ko 'ya wani abu don suna jinyar iyayensu, kuma ba za su turo wanda zai kwana da Baba ba.

A jihohi an taɓa gwada biyan tsofaffin kansu. Ekiti ta fara a 2011 zamanin Fayemi, naira 5,000 duk wata ga marasa ƙarfi 'yan shekara 65 zuwa sama. Wannan ma tsoho ake ba, ba mai jinya ba.

DanFagge:
To ai ka ga kai ma da bakinka ka dawo kan maganata, Lauya. Ka dai yi mata ado da shekaru.

Nas_Binta:
Ku bar gardamar gwamnati tukuna, matar nan bayanta ke ciwo. Maman_Ilham, abu na farko da za ki samu ba tare da wata doguwar hanya ba shi ne koyarwa, kuma mutane ba sa nema. Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala duk suna da sashen gashi da motsa jiki. Ranar da kuka kai Baba, kada ki zauna a benci kina jira a fito miki da shi. Ki shiga, ki ce wa mai gashin ya nuna miki da hannunsa yadda ake juya shi, yadda ake zaunar da shi bakin gado, yadda ake mayar da shi kan keke. Ki tafi da ɗanki shi ma ya gani. Aikinsu ne, kuma yawancinsu suna jin daɗi idan dangi suka tambaya.

Kafin nan ga kaɗan. Kada ki taɓa jan sa ta hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa, kuma ciwonta ya daɗe. Ki ninka zanin gado mai ƙwari ki shimfiɗa a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya, idan za a gyara masa kwanciya mutum biyu su kama zanin ta gefe-gefe su ja, ba jikinsa ba. Idan za ki ɗaga shi ki lanƙwasa gwiwoyinki, ki matso da shi jikinki, kada ki sunkuya da baya. In a ƙasa yake kwance kan katifa, wannan ne ma ke kashe miki baya, a ɗaga shimfiɗar ta kai wajen ƙugunki.

Juyawa duk bayan kamar awa biyu ne. Kullum wajen wanka a duba ƙashin gindin baya, da kwatangwalo, da dugadugai, da idon sawu. Wurin da fata ta yi duhu ko ta yi zafi ko tauri fiye da kewayenta, gyambon kwanciya ne ke shirin buɗewa. Kada a murza wurin da sunan tausa, a ɗauke nauyi daga kansa kawai. Katifar iska mai lantarki tana taimakawa sosai, ana samunta a shagunan kayan asibiti, amma ba ta ɗauke juyawar gaba ɗaya, kuma idan aka ɗauke wuta ta daɗe sai ta sace.

Wajen abinci a zaunar da shi sosai, loma ƙanana, kuma ya zauna kamar rabin awa bayan ya gama. In yana ƙwarewa da ruwa ki gaya wa likita, kunu mai ɗan kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya ga irinsu. Ƙwarewar nan ita ke kawo ciwon huhu.

Sannan manyan asibitocin koyarwa suna da sashen walwalar marasa lafiya. Ki tambaya a nuna miki ofishinsu. Ba kullum suke da kuɗi ba, amma su suka san masu bayar da taimako da hanyar neman rangwame.

Maman_Ilham:
Nas_Binta Allah ya saka da alheri. Wallahi ta hannun nan muke ɗaga shi, ba wanda ya taɓa ce mana komai. A ƙasa yake kwance kuwa, shi ya ƙi gado tun yana da lafiya.

Nas_Binta:
A lallaɓa shi. Ko benci biyu masu faɗi aka haɗa aka ɗora katifa ya fi, in dai an tokare gefen da zai iya faɗowa.

Injiniya_Sabo:
Maganar magani, ku duba inshorar lafiya. Tun 2022 aka sauya dokar, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta koma NHIA, kuma dokar ta tanadi asusu na masu rauni wanda tsofaffi suna ciki. A Kano hukumar jiha ita ce KSCHMA, a Kaduna KADCHMA. Akwai kuma kuɗin da ake ware wa kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ce kada ya gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da shi ake yi wa marasa ƙarfi rajista a asibitin mazaɓa. Gurbin dai ƙididdigagge ne, ba kowa ke samu ba. Amma ke ma'aikaciya ce, ki je ofishin ki tambaya ko za a iya ƙara Baba a kanki ki riƙa biyan nasa. Yayanki na Abuja in ma'aikacin tarayya ne, tsarinsu mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 ya ɗauka, iyaye ba sa ciki sai an yi musu rajista daban an biya.

Hauwa_Gyadi2:
Mu mun yi wa Innarmu. Maganin hawan jini da na suga muna samu, wani lokaci a ce babu sai mu saya a waje. Amma famfas, safar hannu, auduga, mai zuwa gida ya wanke ciwo, duk daga aljihunmu ne. Kuma su ne ke cin kuɗin, ba ƙwayoyin ba.

Ummi_Manchesta:
Ni a Ingila nake, kuma aikin kula da tsofaffi nake yi, bari in faɗi yadda yake a nan ko da za a ɗauki wani abu. Dokar 2014 ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta zauna da mai jinya ta auna buƙatarsa shi kansa, daban da ta mara lafiyar. Za su tambaye ki kina barci? Kina iya zuwa aiki? Kina son ci gaba da jinyar ma kuwa? Daga nan za a iya turo mai karɓarki na wasu awanni, ko a kai tsohon wani wuri na kwanaki ki huta, ko a kawo gado da na'urar ɗagawa. Akwai kuma kuɗi, Carer's Allowance, ga wanda ke jinya awa 35 ko fiye a mako. A Afrilun 2025 an mayar da shi fam 83.30 a mako, kuma a lokacin idan abin da kike samu a wurin aiki ya wuce fam 196 a mako ba a ba ki. Kada ku juya shi zuwa naira ku ce tabɗi, a nan kuɗin cefane ne kawai. Tun Afrilun 2024 kuma ma'aikaci yana da damar ɗaukar hutun mako ɗaya a shekara don jinya, amma ba albashi.

Sarkin_Yaki01:
Allah ya tsare mu da tsarin Turawa. Mutanen da ke kwasar iyayensu su zubar a gidan gajiyayyu su tafi yawon shaƙatawa su ne za su koya mana jinya?

Ummi_Manchesta:
Malam, ni nake shiga gidajen nan kullum. Mafi yawan tsofaffinsu a gidajensu suke, kuma 'ya'yansu da matansu da mazansu ne ke fama. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum wajen miliyan 5 a Ingila da Wales suna jinyar wani nasu ba da biya ba. Akwai masu sakaci, kamar yadda muke da su a gida. Bambancin shi ne su sun yarda cewa mai jinya yana gajiya, mu kuwa idan mace ta ce ta gaji sai a ce ba ta son lada.

Sarkin_Yaki01:
Duk da haka ni dai uwata ba za ta kwana a hannun bare ba ina raye.

Uwargida_Zariya:
@Sarkin_Yaki01 tambaya ɗaya, kuma ba da rashin kunya ba. Kai kake wanke ta, ko matarka?

Sarkin_Yaki01:
Ai duk ɗaya ne, gida ɗaya ne.

Uwargida_Zariya:
Ba ɗaya ba ne wallahi. Ni surukata nake riƙe da ita, Hajiyar maigidana, kuma rikicin tsufa ya kama ta. Tana cin abinci ta ce ba a ba ta ba tun jiya. Ta ɓoye kuɗinta a cikin matashin kai ta manta, sai ta tara jikoki ta ce ni na sace. Da la'asar ta yi sai ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta ce za ta tafi gida Babanta na jiranta, mutumin da ya rasu tun ba a haifi mijina ba. 'Ya'yanta mata suna zuwa ranar Juma'a da lemo da ayaba, su zauna awa biyu, a lokacin kuma Hajiya tsaf take, har da ba'a. Sai su tafi suna cewa ai lafiyarta ƙalau, ni ce ba na haƙuri da ita. Wata a cikinsu ma cewa ta yi a kira masu ruƙiyya, wai jifa ne, kuma kowa ya san wa ake nufi da mai jifan. Ina yi don Allah da kuma darajar mijina, amma ranar da na ce ina so in je gidanmu in kwana biyu, kallon da aka yi mini sai ka ce na ce a kai ta bola.

Nas_Binta:
Uwargida_Zariya, duk abin da kika lissafa alamomin ciwon mantuwa ne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba hali ba ne kuma ba jifa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke da shi a duniya, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in Alzheimer ne. Rikicewar yamma da zargin sata duk sanannu ne. Kuna kusa da Kaduna, ku kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Shika. Ki matsa ɗaya daga cikin 'ya'yanta mata ta bi ku, ta ji daga bakin likita. Ba a warkewa, amma akwai abin da ke rage tashin hankalin da rashin barci. Kada ki yi musu da ita. In ta ce Babanta na jira, ki ce to Hajiya bari mu sha shayi tukuna, sai ki ja ta da hirar garinsu.

Abu ɗaya kuma ga kowa: tsohon da ke cikin hankalinsa jiya, yau ya rikice farat ɗaya, wannan daban ne. Sau da yawa ciwon fitsari ne ko zazzaɓi ko suga ko wani magani da aka sauya. A kai shi asibiti a ranar, kada a ce tsufa ne.

Likitocin tsofaffi zalla ba su da yawa a ƙasar nan. Cibiya ta farko ita ce ta asibitin koyarwa na Ibadan mai sunan Tony Anenih, a 2012 aka buɗe ta.

Malam_Auwal:
Bismillah. Tunda an taɓo addini. Umarnin kyautata wa iyaye a Suratul Isra'i, aya ta 23 da 24, ga 'ya'ya aka yi shi, maza da mata. Matar ɗa ba a wajabta mata hidimar iyayen mijinta ba, in ta yi kyautatawa ce, a gode mata, kuma ba a tilasta ta. Namijin da ya miƙa wa matarsa mahaifiyarsa ya fita tun safe sai dare, ya sani wajibinsa ne wata ke ɗauke masa. Na biyu, ɗaukar wanda za a biya ya taimaka ba saɓa wa iyaye ba ne, hidima ce da dukiya. Na uku, a hadisin Salman da Abud Darda'i an tabbatar cewa ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka ma suna da haƙƙi. Wadda ta nemi hutu ba ta yi laifi ba.

Maman_Ilham, batun tsarki: in akwai namiji shi ya fi cancanta ya yi wa Baba. In babu, lalura ce, ki sa safar hannu, ki rufe abin da za a iya rufewa, ki kawar da kai gwargwadon iko. Kada ki bar shi cikin najasa don kunya.

Sarkin_Yaki01:
Malam na ji, amma al'adarmu ba ta san wannan rabe-raben ba. Iyayenmu mata sun yi wa surukansu ba su ce komai ba.

Hajiya_Maradi:
Sun yi, ɗana, amma a gidan gandu suka yi. Ni na ga jinyar kakata a nan Maraɗi. Matan gida huɗu ne, ga 'yan mata, ga jikoki, kowace da ranarta, kuma akwai jika guda da aka ba ta tana kwana ɗakinta. Ba wadda ta yi mako tana tashi cikin dare ita kaɗai. Yanzu kun watse, kowa da gidansa da ƙofarsa a kulle, aikin mutum goma ya dawo kan mace ɗaya, sannan ku ce mata iyayenmu sun yi.

Baban_Zarah:
Bari in faɗi yadda muka yi da namu mahaifin, Allah ya jiƙansa, ko zai yi wa Maman_Ilham amfani. Da farko kowa turo abin da ya ga dama yake yi, ran da ya ga dama. Ƙanwarmu da yake hannunta ba ta iya roƙo, sai ta riƙa sayar da kayan ɗakinta ba mu sani ba. Da abin ya fito, Kawunmu ya tara mu, ya ce kowa ya faɗi abin da zai iya duk wata, a rubuta. Aka buɗe zaure a WhatsApp na 'ya'ya zalla, ba surukai, duk abin da aka saya a ɗauki hoton rasit a saka. Wanda ba shi da kuɗi ya ɗauki kwana: ƙaninmu ɗan acaɓa ne, shi ya karɓi daren Asabar da Lahadi da kai Baba asibiti. Mu na nesa aka ce duk wanda ya zo hutu, kwana biyun farko a ɗakin Baba zai yi su, ba a gidan abokai ba. Sannan muka yanka wa ƙanwar tamu wani abu duk wata, nata na kanta, ban da kuɗin jinya.

Shawarata, kada ke ki kira taron. Ki samu babba wanda yayyenki ke jin nauyinsa, kawu ko baffa ko aminin Baba, shi ya kira. In ke kika faɗa ƙorafi ne, in shi ya faɗa umarni ne.

Abu_Hanif:
Tsarin ya yi, amma biyan 'ya don ta yi jinyar ubanta fa? Ni abin bai kwanta mini ba. Kamar an sayar da ladan.

Baban_Zarah:
Ɗinki take yi, ta rufe keken saboda Baba. Da bare muka ɗauka ai za mu biya shi, kuma mafi ƙarancin albashi ma yanzu naira 70,000 ne tun 2024. Abin da muke ba ta bai kai haka ba. Ladanta yana wurin Allah, mu asarar sana'arta muka rage mata.

Hauwa_Gyadi2:
Kuma ranar rabon gado ba wanda zai ce a ƙara mata don ta yi jinya. Gara a ba ta tun yanzu.

Zango_Boy_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan Gana wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya, rajista kawai zai yi ya riƙa sabuntawa. Akwai kuma LEAP tun 2008, ana ba gidaje masu fama da talauci kuɗi, ciki har da masu tsoho ɗan 65 zuwa sama da ba shi da mai taimaka masa. Kuɗin kaɗan ne. Maganar wanda zai karɓe ka ka huta kuwa, mu ma a zango sai dai 'yan uwa da maƙwabta.

DanFansho:
Wani abu da ba a ambata ba, kuma yana wahalar da masu jinya: kuɗin tsohon kansa. In Baba ɗan fanshon tarayya ne na tsohon tsari, hukumar da ke biyansu, PTAD, ta kawo hanyar tabbatar da cewa mutum yana raye ta waya ko kwamfuta, I Am Alive suke ce mata, da hoton fuska ko zanen yatsa, ba sai an ɗauke shi an kai layi ba. Banki kuma ku je tun yana iya magana a tsara wanda zai riƙa cire masa kuɗi a hukumance. Mu mun bari sai da hannun mahaifinmu ya daina sa hannu, muka ɗauko shi a mota muka ajiye a ƙofar wani banki cikin rana, muna roƙon ma'aikaci ya fito ya gan shi.

Lauya_Mukhtar:
Wannan gaskiya ne. Takardar wakilci ana yin ta ne mutum yana cikin hankalinsa. Idan hankali ya gushe, ba zai iya wakilta kowa ba, sai an bi ta kotu. Uwargida_Zariya ku lura da wannan. Kuma duk wanda ke riƙe da katin cirar kuɗin tsoho ya riƙa rubuta abin da ya cira da abin da ya saya. Rigingimun gado da yawa daga nan suke farawa.

DanFagge:
Kun ga an koma maganar fansho, ni dama na san nan za a zo. Wanda ya yi wa jiha aiki shekara 35 yana bin giratuti har ya kwanta.

Admin_Zaure:
DanFagge a bar fansho zuwa wani zaren. Tambayar Maman_Ilham kan mai jinya ce.

Ummu_Khalil:
Ni abin da ke ba ni mamaki, muna da hanyoyin da ba sai an jira Abuja ba. Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato akwai ta Zakka da Waƙafi, suna taimaka wa marasa lafiya mabuƙata, a rubuta musu ta hannun mai unguwa ko limami. Ga 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da ke zuwa asibitoci, ga matan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da na Islamiyyu. A unguwarmu wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta ba masallaci kekensa da gadon asibitinsa da sandunansa, ta ce waƙafi ne, duk mai buƙata ya ara ya dawo da su. Gadon nan bai taɓa kwana a masallaci ba, daga wannan gida sai wancan. Mu kuma a ajinmu na Islamiyya mun sa wa kanmu duk wadda ke jinya, mata biyu za su je ranar Alhamis su zauna da mara lafiyar daga hantsi zuwa la'asar, ita kuma ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta yi barci, ko ta je kitso, ko gidansu. Sharaɗinmu ɗaya: ba a dafa wa masu zuwa komai. Don mun ga dubiya tana zama ƙarin aiki, mai jinya ta bar mara lafiya ta koma dafa wa baƙi shayi.

Uwargida_Zariya:
Ummu_Khalil wannan sharaɗin naku a rubuta shi da manyan baƙi a liƙa a ƙofar kowane gida.

Matashi_Kurna:
Tambaya, ba akwai gidan gajiyayyu a Shahuci ba? Ba za a iya kai mutum na ɗan lokaci ba?

Hauwa_Gyadi2:
Akwai, amma na waɗanda ba su da kowa ne. Mutum mai 'ya'ya a raye ba wanda zai kai shi can, kuma mai shanyewar jiki kulawar asibiti yake buƙata.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka. Abin da na fahimta, abin da ke akwai a hukumance na Baba ne, nawa kuwa sai na haɗa da kaina. Na yi magana da Baffanmu, ya ce zai kira yayyena. Babban har ya bugo, wai shawararsa a riƙa zagayawa da Baba, wata uku wurina, wata uku Abuja, wata uku Fatakwal. Ban san ko in yarda ba. Baba ba ya son barin Kano, abokansa na masallaci suna leƙo shi bayan Magariba, shi ne kaɗai lokacin da nake ganin yana dariya.

Baban_Zarah:
Ki yarda. In ba su ɗanɗana ba ba za su taɓa sanin nauyin ba.

Nas_Binta:
Ni ban goyi baya ba. Doguwar tafiya a mota ga wanda ba ya juya kansa hanya ce ta gyambo, sannan a sauya likita, a sauya mai gashi, a raba shi da abokansa. Mai ciwon mantuwa ma sauya masa gida ƙara rikita shi yake yi. Su su zagayo, ba shi ba. In ba za su iya zuwa ba su biya mai kwana. Akwai yaran da suka gama makarantun koyon aikin lafiya suna zaune ba aiki, akwai ma'aikatan jinya da suka yi ritaya. A nemi namiji tunda Baba ne, a ga takardunsa, a san gidansu da wanda zai tsaya masa, kuma makon farko kada a bar shi shi kaɗai. Don Allah kada a ɗauko almajiri ƙarami a ce shi zai riƙa ɗaga dattijo, zalunci ne ga su biyun.

Sarkin_Yaki01:
Kun ga dai an dawo kan bare.

Uwargida_Zariya:
To ka ba ta lambarka ka riƙa zuwa kwanan.

Admin_Zaure:
Ba a saka lambar waya a zaure, mai son haɗa wani da wani ya bi ta akwatin sirri.

Maman_Ilham:
Waɗanda suka taɓa ɗaukar mai kwana, yaya kuke biya, kullum ko wata-wata? Kuma abincinsa a kanku yake?

Hauwa_Gyadi2:
Mu wata-wata muke yi, da abincin dare da kuɗin mota. Tana zuwa bayan Isha'i ta tafi bayan ta yi wa Inna wankan safe. Daren Juma'a ba ta zuwa, wannan mu muke rabawa tsakaninmu. Ki yi maganar ranar hutun tun farko, mu ta farkon da muka ɗauka a kan haka ta tafi.